Bakan yankan soso da sauran kayan aikin mai haɗa ƙaramin jirgin sama

Duk wanda ya ga ƙaramin jirgin sama mai rimot yana shawagi a bayan gari, abin da yake fara tambaya shi ne nawa aka sayo moton da rimot ɗin, kuma daga ina aka kawo su. Tambayar tana kan hanya, domin su ne ke cin kuɗi, kuma babu mai ƙera su a ɗakinsa. Sai dai a iya abin da na gani a wurin matasan da suka ɗauki wannan harka abin sha'awa a nan Kano, da wuya moto ya zama sanadin faɗuwar jirgi. Abin da ya fi kayar da jirage shi ne fiffiken da ya murɗe, da jelar da ta zauna a karkace, da nauyin da ya taru a inda bai dace ba, kuma dukkan waɗannan a kan teburin aiki suke samo asali tun kafin a ɗaura batir. Saboda haka ra'ayina shi ne, mai son shiga harkar ya fara ƙera kayan aikin da za su tilasta wa hannunsa yin abu a miƙe, daga baya ya juya ga jirgin kansa.

Abubuwan da babu makawa sai an saya ba su da yawa. Akwai moto marar burushi irin wanda ake rubuta wa 2212 mai lamba 1000KV, da na'urar da ke sarrafa gudunsa mai ɗaukar amfiya 30, da farfela mai tsawon inci 10, da ƙananan sarbo masu nauyin giram 9 waɗanda ke motsa ɓangarorin jela da na fiffike, da batirin LiPo mai ɗaki uku, sai rimot mai aiki a kan zangon 2.4GHz tare da risibarsa. Waɗannan sun isa su ɗaga jirgin koyo mai tsawon fukafukai santimita 120 da nauyin da bai wuce giram 800 ba. Duk abin da ya rage, daga jikin jirgin har kayan da za a ƙera shi da su, ana iya harhaɗo shi tsakanin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa da shagon kafintan unguwa.

Babban kayan aiki a wurina shi ne bakan yankan soso. Jikin jirgi da fukafukansa da farin soso ake yin su, irin wanda ake tokare firji da talabijin da shi a cikin kwali, ko manyan falankansa da ake sa wa ɗakunan sanyi. Wuƙa tana yanka shi, amma ba za ta taɓa fitar da lanƙwasar bayan fiffike iri ɗaya daga wannan kai zuwa wancan ba. Waya mai zafi ce kaɗai ke yin haka. Ana samun katako miƙaƙƙe mai tsawon kimanin santimita 80, a ɗaura masa hannaye biyu a ƙarshensa da noti ɗaya ɗaya ta yadda za su iya juyawa, a ɗaure wayar yanka tsakanin kawunan hannayen ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma a ɗaure sifirin ko robar tsohon tib ɗin keke. Wannan roba ita ce ran bakan. Waya tana ƙara tsawo idan ta yi zafi, kuma idan babu abin da ke janta a kai a kai sai ta saki, yankan ya fito da ciki.

Wayar da ta dace ita ce naikurom, wadda gaurayen nikel ne kashi 80 da kuromiyam kashi 20, kuma ita ce ke cikin tsofaffin hita da na'urar busar da gashi. Wayar tagulla ba ta yi, domin ba ta tare wuta sosai, saboda haka kafin ta yi zafin kirki batir ya riga ya wahala. A wurin wani dattijo mai gyaran kayan lantarki a Sabon Gari na samu tawa, a nannaɗe kamar yadda take fitowa daga cikin hita. Da ya ji abin da zan yi da ita sai ya ce, "Ɗana, kada ka miƙe ta da sanyi. Ka ɗaure kai ɗaya a ƙusa, ka ɗan ba ta wuta, sannan ka ja a hankali." Na ce, "To, Baba, na gode." Idan aka bi wannan hanya tana miƙewa sumul, ba ta barin ƙananan gwiwoyin da ke zana layi a jikin soso.

Lissafin wutar ba shi da wuya. Naikurom mai kaurin milimita 0.4 tana da turjiyar kusan om 9 a kowace mita, don haka santimita 70 a kan batirin mota ko na sola mai bolt 12 za ta ja kusan amfiya 2, wanda shi ne daidai zafin yankan farin soso. Wanda zai yi amfani da cajar kwamfutar hannu mai bolt 19 zai tarar zafin ya yi yawa. Maganin haka shi ne ya ƙara wani guntun naikurom a kan hanyar wutar, a wajen bakan inda ba zai taɓa komai ba, ya riƙa matsar da maƙalin wayar batir gaba ko baya a kansa har ya samu zafin da yake so. Abin da ba a yi, ko da wasa, shi ne haɗa bakan kai tsaye da wutar gida. Wayar tsirara take, hannuwan mutum biyu suna kusa da ita, kuma bolt 230 kisa yake yi.

Ido da kunne ne ke gane zafin da ya dace. Wayar ba ta yin ja. Idan aka ɗora guntun soso a kanta sai ya riƙa nutsewa da nauyin hannu kaɗan, ana jin ɗan sauti siriri, kuma idan ta fita ta ɗaya gefen sai a ga wasu zarurruka farare masu kama da gashi suna bin ta. Waɗannan zarurruka su ne shaidar cewa zafin ya yi daidai. Idan ya yi yawa, soson yana narkewa tun kafin wayar ta iso shi, hanyar yankan ta yi faɗi, fuskar ta lotsa ta yi ƙyalli. Idan ya yi kaɗan, tsakiyar wayar tana makara a bayan gefunanta, sai a wayi gari da fiffiken da kawunansa biyu suka yi kyau amma tsakiyarsa ta ɓata, musamman a goshi inda lanƙwasar ta fi tsanani.

Wayar tana bin samfuri ne guda biyu da ake kafawa a kawunan soson. Siffar fiffiken da na fi ba mai koyo shawara a kai ita ce Clark Y, wadda Virginius Clark ya zana a 1922. Kaurinta kashi 11.7 cikin 100 ne na faɗin fiffike, kuma mafi yawan cikinta shimfiɗe yake, abin da ke sa ta zauna lafiya a kan tebur yayin haɗawa. Ana samun zanenta a intanet a buga a shagon kwamfuta, amma a sa rula a auna takardar kafin a bar shagon, domin injin bugawa yakan rage girman zane don ya shiga takarda ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Sai a manna zanen a kan ragowar fomaika daga wurin kafinta, a yanke, a goge bakin da sanfefa har sai farce ya bi shi bai sarƙe a ko'ina ba, sannan a shafa masa bakin fensir don wayar ta riƙa sulɓewa. Duk inda waya ta tsaya na daƙiƙa ɗaya, kwari take bari a tsawon fiffiken baki ɗaya.

A raba bakin kowane samfuri gida goma, a rubuta lambobi iri ɗaya a kan duka biyun. Yankan aikin mutum biyu ne: kowa yana riƙe da kai ɗaya na bakan, ɗaya yana kiran lambobin da ƙarfi, ɗayan yana daidaita tafiyarsa da kiran, ta yadda wayar za ta isa lamba 4 a gefen hagu a daidai lokacin da ta isa lamba 4 a gefen dama. A danne soson da littattafai ko bulo a kan allo don kada ya motsa, a kafe samfuran da tsinken tsire. Bayan an gama, ɓawon sama da na ƙasa da suka rage ba shara ba ne. Su ne gadon da za a kwantar da fiffiken a ciki duk lokacin da za a manna masa wani abu, domin babu abin da ya dace da siffarsa kamar su. Wani abin lura kuma, idan soson guntu-guntu ne, a yanke kowane guntu tukuna sannan a haɗa, saboda waya ba ta ratsa busasshen gam.

A tsakar gida ko wani wuri mai iska ake wannan aiki. Kuma farin soso kaɗai ake yankawa da waya. Soson katifa wani sinadari ne dabam, hayaƙinsa guba ne, haka ma robar PVC irin ta bututun ruwa.

Bayan baka sai tebur. Daɓen siminti da teburin katako duk suna yaudarar ido, ga su kamar a shimfiɗe amma da tudu da kwari. Gilashi mai kauri, irin na tsohon teburin falo ko na kantar shago, shi ne abin da na fi amincewa da shi. Gwajinsa shi ne a tsayar da doguwar rula ta ƙarfe a kansa a leƙa ta ƙarƙashi, idan haske bai ratso ba to ya yi. A gefe kuma a ajiye guntun allon silin mai laushi wanda allura ke shiga, don kafe ƙananan sassa har gam ya kama. Sandar guga ma da hannu ake yin ta: ragowar alminiyon taga mai tsawon santimita 40 daga wurin masu haɗa tagogi, a manna masa sanfefa mai lamba 80 a fuska ɗaya, mai lamba 180 a ɗaya fuskar. Sanfefar da aka riƙe da yatsu tana bin laushin soso ta haƙa rami, amma wadda ke jikin sandar alminiyo tudu kawai take ci. Reza kuwa a saye ta da yawa, domin soso yana dakushe ta da sauri fiye da yadda ake zato, kuma dakusasshiyar reza yagar ƙwayoyin soso take yi.

Fiffiken soso shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin jirgi, sai an binne masa ƙashi a tsawonsa, a daidai inda ya fi kauri. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sun saba da katakon balsa, wanda mafi yawansa daga Ekwado yake fitowa, da sandunan kabon. Mu nan gora ce tamu. A tsaga ta, a fere ta ta koma kaurin milimita 5 ko 6, a zaɓi wadda ta bushe sarai kuma gaɓoɓinta suna da nisa da juna. Kwarin da za ta kwanta a ciki ana fitar da shi da guntun waya mai kauri da aka lanƙwasa, aka ɗaura a ɗan katako, ana jan sa a jikin rula. Cikin tukurwa ma yana da amfani saboda rashin nauyinsa, wajen cike gurbi da gyaran goshin jirgi, amma ba shi da ƙarfin da za a yi ƙashin fiffike da shi. Wanda ya yi motar kara yana yaro ya riga ya san rabin wannan aiki, domin ya san yadda ake fere abu mai laushi ba tare da an murƙushe shi ba.

Batun gam yana bukatar natsuwa, domin a nan ne aikin mako guda ke narkewa a gaban mai shi. Sufa gulu na yau da kullum yana cin farin soso, haka ma gam ɗin masu takalma mai ƙarfin wari, haka ma yawancin fentin feshi. Ƙa'idar ita ce a gwada duk wani sabon ruwa a kan guntun da ba a bukata. Farin gam na kafintoci ba ya cin soso, ba shi da nauyi idan ya bushe, illarsa kawai jinkiri, musamman a tsakanin fuska biyu da iska ba ta shiga. Gam mai haɗi biyu, wanda ake gauraya ruwa biyu daidai wa daida, shi ya dace da wurin zaman moto da mahaɗar fukafukai, amma yana da nauyi, don haka a shafa shi da tsinke. Gam ɗin kyandir mai bindiga yana da sauri, kuma bidiyoyin ƙasashen sanyi sun sa matasa sun ƙaunace shi, sai dai ni ba na amincewa da shi a duk inda ke ɗaukar nauyi. Jirgin da aka bari a cikin mota a rufe da tsakar ranar watan Afrilu a Kano, gam ɗin yana iya yin laushi har jela ta sunkuya, kuma ba lallai ne a lura ba sai an tashi.

Rufin fiffike ko dai da faffaɗan salatif mai launi, ko da takardar naɗe kaya mai ruwan ƙasa da aka jiƙa da farin gam wanda aka tsinka da ruwa. Takardar ta fi ba da ƙarfi, amma tana tsukewa idan tana bushewa. Wanda ya rufe saman fiffike yau ya bar cikinsa sai gobe, zai tarar ya lanƙwashe sama. A rufe fuska biyun a zama ɗaya, a bar shi ya sha iska ta kowane gefe, sannan a mayar da shi cikin gadonsa a danne har ya gama bushewa. A lokacin hunturu abin yana bushewa da gaggawa ƙwarai, saboda haka a yanka takardun a jera su kafin a taɓa gam.

Sikelin kicin mai nuna giram ya kamata ya zauna a kan tebur daga farkon aiki har ƙarshensa. Fiffike mai tsawon santimita 120 da faɗin santimita 20, idan yana ɗauke da giram 800, jirgin zai tafi a hankali har mai koyo ya samu lokacin tunani. Idan nauyin ya haura kilo ɗaya da wani abu, dole jirgin ya yi gudu kafin ya tsaya a sama, kuma da gudun zai sauka. A fi sa ido a kan jela, domin nisanta daga tsakiyar jirgi ya kai kusan ninki uku na nisan hanci, don haka duk giram ɗaya na banza da aka bari a can sai an biya shi da kusan giram uku a gaba.

Jirgin koyo yana bukatar fukafukansa su ɗan ɗaga sama daga tsakiya, kimanin digiri 5 kowane gefe, domin hakan ne ke sa ya mayar da kansa daidai idan iska ta karkata shi. Ba a bukatar wata na'urar auna kusurwa. A kwantar da rabi ɗaya a kan gilashi, a tokare ƙarshen ɗaya rabin mai tsawon santimita 60 da katakon da tsayinsa ya ɗan wuce santimita 10, a goge bakin mahaɗar da sandar guga har su haɗu babu gibi, sannan a sa gam. Wajen kafa jela kuma zare ya isa: a auna daga ƙarshen fiffiken dama zuwa ƙarshen bayan jirgi, a auna na hagu, tsawon ya zama ɗaya. Tsayayyen ɓangaren jela a jingina shi da sikwayar kafinta har gam ya kama.

Sandunan da ke kai motsi daga sarbo zuwa jela ana yin su da wayar tsohuwar lema ko wayar ƙafar keke. Ta keke tana da zare da ɗan noti a kai ɗaya, wanda ke ba da damar ƙara tsawo ko ragewa, amma tana da nauyi, don haka na fi son a yi tsakiyar sandar da siririyar gora, a ɗaure guntayen waya a kawunanta da zare da gam. Ƙarshen wayar ana yi masa lanƙwasa biyu a jere don ya shiga ramin hannun sarbo ya ƙi fita. Filaya biyu suna yin wannan, amma ya fi kyau a sami guntun ƙarfe a tsaga masa baki da zarto daidai kaurin wayar, a riƙa sa ta a ciki ana lanƙwasawa, sai duk lanƙwasar ta fito iri ɗaya. Ƙahon da sandar ke kamawa a jikin jela daga tsohon katin cirar kuɗi ake yanko shi da almakashi. Kafin a ɗaura hannun kowane sarbo a kunna rimot, a bar sandunan rimot ɗin a tsakiya, domin sarbon ya tsaya a tsakiyarsa. Ramin da ya yi wa waya yawa yana barin jela tana rawa, kuma wannan rawar tana ƙaruwa da gudun jirgi.

Sai ma'aunin daidaito, wanda shi ne mafi sauƙin ƙerawa a cikin kayan nan duka, kuma shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi. Allo ne da aka huda ramuka biyu, aka kafa fensir biyu a tsaye, robar gogewarsu tana sama, tazararsu ta ɗan fi faɗin jikin jirgi. Wurin da jirgi ya kamata ya daidaita yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗin fiffike idan aka auno daga goshi, wato santimita 5 zuwa 6 da rabi a fiffike mai santimita 20. A sa alama a cikin fiffiken ta gefe biyu, a ɗora jirgin a kan fensiran da batirinsa da komai nasa a ciki, a matsar da batir gaba ko baya har jirgin ya tsaya da hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan. Yatsa ba ya maye gurbin fensir, saboda faɗin kan yatsa kaɗai ya kai duk tazarar da ake magana a kanta. Jirgin da gabansa ya fi nauyi yana da taurin kai amma ana iya saukar da shi. Wanda bayansa ya fi nauyi kuwa yana ɗaga hanci, ya rasa gudu, ya juyo ƙasa, kuma ko gwani da wuya ya cece shi. Da zarar an samu wurin, a zana layi a inda batir ya zauna, a ɗaure shi yadda ba zai zame ba.

Farfela ma tana son nata ma'aunin. Tana juyawa fiye da sau 7,000 a minti, don haka ɗan bambancin nauyi tsakanin kunnuwanta biyu yana zama girgizar da ke kwance noti, ta cinye boris ɗin moto. A zura miƙaƙƙen ƙarfe daidai ramin farfelar, a ɗora kawunansa a kan bakin kofunan gilashi biyu masu tsayi ɗaya, a sake ta. Kunnen da ya sauka ƙasa shi ne mai nauyi. A manna ɗan salatif a bayan mai sauƙin, a sake gwadawa har ta tsaya a duk inda aka bar ta. Farfelar da ta tsage ba a gyara ta, jefar da ita ake yi. Kuma duk gwajin da za a yi a kan tebur da batir a haɗe, a cire farfela tukuna, domin moto yana iya tashi ba zato idan aka taɓa rimot, kuma bakinta yana yanka yatsa har ƙashi.

A ɓangaren wuta akwai ƙaramar dabara da ke ceton kuɗi mai yawa, wato ƙwan fitilar mota mai bolt 12 da wat 21 da aka haɗa a kan jar waya tsakanin batir da jirgi a karon farko bayan an yi liƙi. Idan komai lafiya, ƙwan zai ɗan yi walƙiya ya lafa. Idan akwai inda wayoyi suka haɗu, zai kama da haske sosai ya tsaya a haka, ya tare yawan wutar da za ta ƙone na'urar sarrafa moto. Da wannan ƙwan a haɗe ba a ba moto wuta, duba haɗi kawai ake yi. Wajen liƙi da dalma kuma hannu biyu ba sa isa, saboda haka a kafa maƙalan shanya biyu na katako a kan allo, ɗaya ya riƙe waya, ɗaya ya riƙe kan haɗi. A shafa wa kowane ɓangare dalma dabam kafin a haɗa su. Liƙin da ya yi kyau yana fitowa sumul, dalmar ta malale ta shige cikin silin wayar, wanda kuwa ya dunƙule a sama zai saki a lokacin da moto ke jan wuta mai yawa. Da yake wutar gida ba abin dogaro ba ce, ƙarfen liƙi mai aiki da bolt 12 yana da daraja, tunda batirin da ke kunna bakan yanka shi ma zai kunna shi.

Batirin LiPo shi ne abu mafi haɗari a ɗakin. Kowane ɗaki nasa bolt 4.2 ne idan ya cika, bai kamata a sauke shi ƙasa da 3.3 ba, kuma idan za a ajiye shi na kwanaki a bar shi a wajen 3.8. Mai 2200mAh a caje shi a kan amfiya 2.2, da caja mai daidaita ɗakuna, kuma mutum yana kusa. Ma'ajiyarsa tukunyar ƙasa ce da aka zuba wa yashi a ciki, a inuwa, nesa da katifa da labule da tarin soso, da murfin da bai toshe ta gaba ɗaya ba. Wanda ya kumbura ko ya lotsa a faɗuwa ya gama aiki, kada a huda shi, kada a sake caja shi.

Yanayin garinmu yana shiga lissafi. Kano tana kan tudun da ya kusa mita 500 daga matakin teku, kuma idan zafi ya kai digiri 40 kaurin iska yana raguwa da fiye da kashi 10 cikin 100 idan aka kwatanta da ma'aunin da masu ƙera moto ke rubuta alƙalumansu a kai. Ma'anar haka ita ce farfela ba ta kama iska sosai, fiffike yana bukatar ƙarin gudu, moto kuma yana saurin zafi. Don haka gwajin farko da sanyin safiya ya dace, bayan an idar da sallar asuba gari ya yi haske, kafin iska ta taso. Ana iya sanin ƙarfin jan moto tun a gida ta hanyar kafa shi a kan katako mai nauyi a bisa sikelin kicin, farfela tana tura iska sama, a karanta abin da ya ƙaru. Idan jan ya kai kashi biyu cikin uku na nauyin jirgin, ya isa jirgin koyo.

Wurin tashi kuma a zaɓe shi da hankali. Kano tana cikin garuruwan farko da jiragen sama suka sauka a Najeriya, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a 1925, kuma har yau filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana manne da unguwannin gari, ga sansanin sojan sama a gefensa. Duk wannan yanki ba wurin wasa da jirgi ba ne, haka ma kusa da bariki, da gidan gwamnati, da saman kasuwa ko taron jama'a. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa tayar da jirgi marar matuƙi yana bukatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka a nemi sanin ƙa'idar da ke aiki kafin a fita. Fili a bayan gari, bayan an girbe amfanin gona, tare da sallama ga mai gonar da sanar da mai unguwa, shi ya fi kwanciyar hankali. Yara za su taru ko ana so ko ba a so, don haka a samu mutum ɗaya da aikinsa kawai tsayar da su a bayan mai riƙe da rimot.

Idan an dawo gida a duba moto kafin a rataye jirgin. Maganaɗisun da ke cikinsa yana tsince baƙin yashi mai ƙarfe daga ƙasa duk lokacin da hanci ya taɓa turɓaya, ƙurar hunturu kuma tana shiga boris. A juya shi da yatsa, idan an ji yana ƙaiƙayi a ciki a cire ɗan zoben da ke riƙe da sandarsa, a zare kwanon moton da maganaɗisun ke ciki, a riƙa danna salatif a jikin maganaɗisun har baƙin ya daina fitowa. Burushin haƙori yana share naɗin wayar tagulla, sannan a ɗiga wa kowane boris ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. A yi wannan a cikin faranti mai zurfi, domin zoben ƙarami ne ƙwarai, yana tsalle idan an cire shi, kuma ba a sayar da shi shi kaɗai a shagunan kayan lantarki na unguwa.